Ƙaiƙayi da Kumburin Fata Lokacin Goyon Ciki: Aikin Maiƙon Jiki da Hatsarin Maganin Kemis

A ƙasar Bena da kewayenta, daga Wasagu zuwa Ribah har cikin Zuru, da zarar kaka ta yi aka shiga sussukar dawa da shiƙa, mata masu zuwa awon ciki sukan yawaita kukan ƙaiƙayin jiki. Ba banza ba Bahaushe ya ba ƙaiƙayin hatsi da ƙaiƙayin jiki suna ɗaya. Kafin a gama da wannan kuma sai hunturu ya shigo da kaushi da faso, bazara ta biyo baya da ƙurajen zafi. Abin da aka saba yi shi ne a aiki yaro kemis, ko a tsayar da mai tallar magani ranar kasuwa, a sayi ƙwayar ciwon jiki da man shafawa. To, ga mai ciki wannan ɗan sayayya na iya zama babban lamari, domin sinadaran da ke kumbura fata su ne kuma ke buɗe mahaifa ranar naƙuda, su ne ke kula da zuciya da ƙodar ɗan da ke cikinki. Maganin da ya taɓa su a fata ba a nan yake tsayawa ba.

Yadda maiƙo ke zama ɗan aike

An gina jikin mutum ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana da bango na maiƙo da ya kewaye ta. A cikin wannan bango akwai wani nau'in kitse da masana ke kira arakidonik, yana nan a ajiye kamar hatsi a rumbu. Idan wani abu ya taɓa fata, ko cizon sauro ne, ko ƙaiƙayin dawa, ko ƙuna, ko sabulu mai kaifi, ko ƙwayar cuta, sai wani sinadari mai aiki kamar almakashi ya yanko wannan kitse daga bangon. Nan take jiki zai sarrafa shi ya zama 'yan aike iri biyu.

Na farko sunansa furostagilandin. Aikinsa shi ne ya buɗe ƙananan hanyoyin jini, sai jini ya taru a wurin, wurin ya ɗauki zafi. Har ila yau yana sa jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo su zama masu saurin ji, shi ya sa wurin da ya kumbura ko zani ya goge shi sai ki ji raɗaɗi, ƙaiƙayin da bai taka kara ya karya ba kuma ya hana ki barci. Na biyu sunansa lukotirayin. Shi maroƙi ne, yana kiran fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki, su zo wurin da aka samu ɓarna, wani irinsa kuma yana sa ruwa ya tsattsafo daga hanyoyin jini zuwa cikin fata. Zafi, kumburi, raɗaɗi da ƙaiƙayi, duk da hannun waɗannan biyun a ciki. Ba sa daɗewa, cikin daƙiƙoƙi ko mintoci kaɗan jiki ke rusa su, amma muddin ana susa ana ƙara yanko sabon kitse, ana ƙara tura sababbin 'yan aike. Dalilin ke nan da ya sa susa ba ta ƙarewa da susa.

Kada ki ɗauka wannan magana ta masu ƙiba ce. Ramammiya da mai jiki duk suna da wannan kitse a bangon ƙwayoyinsu, kuma babu mai rayuwa ba tare da shi ba. Kumburi kansa ba abokin gaba ba ne, da shi jiki ke tare ƙwayoyin cuta kuma da shi rauni ke warkewa. Matsala tana zuwa ne idan ya wuce kima ko ya ƙi tsayawa.

A fatarmu ta baƙar fata ba kasafai ake ganin jan da littattafan Turawa ke nunawa ba. Wurin yakan yi duhu ne, ko ya yi toka-toka, idan ya warke kuma ya bar baƙin tabo. Wannan tabo ma aikin 'yan aiken nan ne, domin suna zuga ƙwayoyin da ke yin launin fata su ƙara aiki. Ga mai ciki abin ya fi fitowa, tunda dama ciki kan sa wuya da fuska da kan nono su yi duhu. Yawancin tabon yakan dushe da kansa cikin watanni bayan haihuwa. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa idan muka zo maganar man bilicin.

Akwai kuma 'yan aike na uku, masu kashe wuta. A farkon shekarun 2000 wani masani a Boston ta Amurka, Charles Serhan, shi da abokan aikinsa suka gano cewa jiki na sarrafa man kifi, wanda ake kira omega-3, ya zama wasu sinadarai masu sallamar sojojin jiki idan aiki ya ƙare, su bar fata ta warke. Ashe kitse ne ke hura wutar, wani kitsen kuma ke kashe ta.

Abin da tukunya ke yi wa fata

A shekarar 1929 wasu mata da miji masu bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka, George da Mildred Burr, suka ciyar da ɓeraye abincin da aka cire wa mai gaba ɗaya. Fatar ɓerayen ta bushe ta yi ɓawo, wutsiyarsu ta lalace, girma ya tsaya. Da suka bi diddigi sai suka gano a 1930 cewa akwai wani nau'in mai, linoliyik, wanda jiki ba ya iya yin sa da kansa, dole sai an ci. Daga baya, a 1963, aka wallafa wani bincike kan jarirai sama da 400 a Amurka, inda aka ga waɗanda aka ba madarar da ba ta da wannan mai fatarsu ta bushe ta yi kauri, da aka mayar musu da shi kuma ta gyaru.

Dalili shi ne saman fata kamar katangar tubali yake, maiƙo kuma shi ne yaɓen da ke tsakanin tubalan. Linoliyik na cikin wannan yaɓe. Idan ya yi ƙaranci ruwan jiki zai riƙa tsiyayewa ta fata, ƙura da ƙwayoyin cuta kuma su sami hanyar shiga.

Abin farin ciki, manomin Bena yana noma maganin wannan a gonarsa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na man gyaɗa linoliyik ne, a man riɗi ya kai kusan kashi 40 cikin 100, a man waken soya kuma kusan rabi. Manja da man kaɗe suna da shi amma kaɗan. Miyar gyaɗa, kantun riɗi, awara da agushi duk sun wadatar. Shi kuwa omega-3, kifi ne gidansa. Kifin teku mai maiƙo irin wanda ake kawowa a ƙanƙara da sadin na gwangwani sun fi yawan sa, amma tarwaɗa da karfasa da ƙananan busassun kifin da ake kawowa daga Yawuri su ma suna da rabonsu, haka nan waken soya da ƙwai. Ki yi ƙoƙari kifi ya shiga tukunyarki sau biyu a mako. Wasu mata kan guji mai da ƙwai da kifi wai kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Wannan kuskure ne, ƙwaƙwalwa da idanun ɗan da ke ciki suna matuƙar buƙatar irin wannan mai, musamman a watanni uku na ƙarshe.

Wata za ta ce, tunda daga mai ake yin masu kumbura fata, ashe gara in daina cin man gyaɗa? A'a. Jiki yana da ma'auninsa, cin gyaɗa ba ya ƙara yawan 'yan aiken nan yadda zai jawo ciwo. Haka kuma ba sai kin kashe kuɗi kan ƙwayoyin man kifi masu tsada ba don kare ɗanki daga kirci. Gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna cewa suna hana shi ba. Kifin kansa ya fi araha.

Inda fata da mahaifa suka haɗu

A nan ne muke so ki natsu sosai, ke da maigida da duk wanda ke saya miki magani.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Ulf von Euler, shi ya raɗa wa furostagilandin suna a 1935, kuma tun a lokacin an lura yana sa naman mahaifa ya motsa. A 1968, a Jami'ar Makerere ta ƙasar Yuganda, Sultan Karim ya yi amfani da shi ya tayar wa mata naƙuda. Ƙwayar nan ta misoprostol da ma'aikatan lafiya ke bayarwa don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, wadda hukumar NAFDAC ta amince da ita don wannan aiki a 2006, ita ma kwaikwayon furostagilandin ce. Shi ya sa ba a taɓa ta kafin ɗa ya fito sai a hannun ƙwararru, don tana iya zubar da ciki ko ta fasa mahaifa.

Shi kuma ɗan da ke ciki ba ya numfashi da huhunsa, ta cibiya yake samun iska. Saboda haka akwai wata 'yar gajeriyar hanyar jini kusa da zuciyarsa wadda ke kauce wa huhu, kuma dole ta zauna a buɗe har ranar da zai faɗo ya yi kukan farko. Furostagilandin ne ke riƙe ta a buɗe. Shi ne kuma ke taimaka wa ƙodarsa ta yi fitsari, kuma daga tsakiyar ciki zuwa gaba yawancin ruwan da ɗa ke kwance a ciki, wanda ke zuba idan faya ta fashe, daga fitsarinsa ne.

A 1971 wani masani a Landan, John Vane, ya gano cewa asfirin da danginsa suna aiki ne ta hanyar hana jiki yin furostagilandin. Wannan bincike ya sa ya sami kyautar Nobel a 1982 tare da Sune Bergström da Bengt Samuelsson, wanda shi ne ya gano lukotirayin. Dangin asfirin su ne waɗanda za ki ga an rubuta a jikin kwali ibuprofen, diclofenac, piroxicam, naproxen ko indomethacin. Felvin da Ibucap suna cikinsu, garin Alabukun ma asfirin ne a ciki. Haɗin ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda a ce maganin gajiya ko na ciwon jiki, sau da yawa ba a rasa ɗaya ko biyu daga cikinsu.

Ƙwayar da kika haɗiya don kumburin ƙafa ko ciwon baya ba ta san hanyar ƙafa ko baya ba. Tana shiga jini, ta ratsa mabiyiya, ta isa ga ɗanki. A watan Oktoba na 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa shan waɗannan magunguna daga mako na 20 na ciki, wato wajen wata na biyar, na iya taɓa ƙodar ɗa har ruwan mahaifa ya ragu. Daga mako na 30, wajen wata na bakwai, suna iya rufe waccan hanyar jini ta kusa da zuciya tun lokaci bai yi ba, jariri ya zo da wahalar numfashi. Kusa da haihuwa kuma suna iya jinkirta naƙuda, su ƙara zubar jini. Abin takaici ma shi ne, ba wani maganin ƙaiƙayi na kirki suke yi ba.

Idan ciwo ko zazzaɓi ya dame ki, farasitamol ne zaɓin mai ciki, bisa adadin da aka faɗa miki a wurin awo. Zazzaɓi kuma a ƙasarmu sai an gwada jini don cizon sauro.

Akwai togaciya guda. Idan likita ya ga kina cikin haɗarin hawan jinin masu ciki da jijjiga, yakan rubuta miki ƙaramar asfirin, mai nauyin miligiram 75 ko ɗan fiye, ki riƙa sha kullum. Wannan ɗan adadi daban yake da na ciwon jiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Idan an rubuta miki kada ki daina saboda kin karanta wannan shafi, idan kuma ba a rubuta miki ba kada ki karɓa daga kishiya ko maƙwabciya.

Man shafawa da man bilicin

Mayukan da ke ɗauke da sinadarin sitiroyid suna toshe aikin tun daga tushe, wato suna hana almakashin nan yanko kitse, su kuma rage yin 'yan aiken. Shi ya sa cikin kwana biyu za ki ga ƙuraje sun kwanta. Mai sauƙinsu, irin hydrocortisone, idan ma'aikacin lafiya ya ba ki don ki shafa a ɗan wuri na 'yan kwanaki, ba shi da laifi ga mai ciki. Masu ƙarfinsu, irin clobetasol da betamethasone, su ne ke cikin yawancin mayukan bilicin da mayukan nan da ake cewa suna maganin cuta uku a lokaci ɗaya. Wadda ke shafe jikinta da su wata da watanni, maganin yana ratsa fata ya shiga jini. Wani bincike da aka yi kan mata masu ciki a Dakar ta ƙasar Senegal, aka wallafa a 2007, ya nuna masu shafa irin waɗannan mayuka masu ƙarfi sun fi samun ƙaramar mabiyiya da jarirai marasa nauyi. Ita kanta fatar tana yin sirara, nankarwa ta yi faɗi, makero da ƙazwa su ɓuya a ƙarƙashin man suna yaɗuwa, ɗinki kuma ya yi wuyar kamawa idan an yi tiyata. Duk wannan don goge duhun da zai tafi da kansa bayan suna da arba'in.

Wane ƙaiƙayi ne na gida, wane ne na asibiti

Mafi yawan ƙaiƙayin masu ciki na bushewar fata ne da kirci, musamman ga wadda dama ita ko danginta ke da asma ko yawan atishawa. Ki yi wanka da ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, ki rage sabulu mai kanwa ko soda da yawa da sabulun da ake cewa na kashe ƙwayoyin cuta, ki ajiye soso mai kaushi. Da kin fito, tun jiki da ɗanshi, ki shafa man kaɗe mai tsabta ko basilin marar turare, safe da dare. Ki yanke farce. Ranar shiƙa ki rufe jiki, ki wanke da zarar an tashi, in da hali ma ki bar wa wasu aikin. Idan ƙaiƙayin ya hana barci akwai ƙwayar da za a iya ba ki a wurin awo.

Mai cikin fari kuma, a watan takwas ko tara, takan ga ƙuraje sun feso a kan nankarwar ciki suna ƙaiƙayi ƙwarai. Suna da ban haushi amma ba sa cutar da ɗa, kuma suna tafiya bayan haihuwa. Idan ƙaiƙayin yana tsakanin yatsu da wuyan hannu, yaran gida ma suna susa, ƙazwa ce, kuma sai an yi wa gidan duka magani.

Wanda ba a kwana da shi shi ne ƙaiƙayin tafin hannu da tafin ƙafa wanda ba ƙurji ko ɗaya, ya fi tsanani da dare, a watannin ƙarshe na ciki, wani lokaci da fitsari mai duhu ko idanu su yi rawaya kamar shawara. Wannan ba daga fata yake ba, daga hanta ne, ruwan matsarmama ne ke taruwa a jini, kuma yana iya sa a haihu kafin lokaci ko ɗa ya mutu a ciki. Babu man da ke maganinsa, gwajin jini yake buƙata. Haka nan ƙuraje masu ɗurar ruwa kamar ƙuna, ko ƙuraje tare da zazzaɓi, ko kumburin fuska da leɓe bayan shan wani magani. Maigida, mun san hanya daga ƙauyukan Bena ba kullum take da sauƙi ba, ga nisa ga halin da ake ciki na tsaro. Saboda haka idan ka ga waɗannan alamu ka fita da ita da rana tun da wuri, kada a jira dare ya yi ko a jira ranar awo ta zagayo.

Fatar jariri

Farin maiƙon da jariri ke fitowa da shi a jiki ba ƙazanta ba ne. Kariya ce, yana riƙe ɗumi da danshi, yana kuma yaƙar ƙwayoyin cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan farko har awa 24 bayan haihuwa. A goge shi da tsumma mai tsabta, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a sa shi a nono. Iya da ungozoma, ku yi haƙuri da wannan, ba sai an dirje shi da soso da manja ba.

Ba kowane mai ne ya dace da fatar jariri ba, kuma bambancin yana ga irin kitsen da ke cikinsa. A wani asibitin yara a Dhaka ta ƙasar Bangaladash an shafa wa bakwaini man furen nan mai bin rana, wanda ake rubuta sunflower a jikin robarsa, mai yawan linoliyik. Sakamakon da aka wallafa a 2005 ya nuna kamuwarsu da cututtukan asibiti ta ragu da kashi 41 cikin 100. Man zaitun kuwa, duk da farin jininsa a gidajenmu, kitsen da ya fi yawa a cikinsa wani ne daban, kuma wani gwaji a Sheffield ta Ingila a 2013 ya nuna shafa shi kullum na makonni huɗu yana sassauta yaɓen fata ko ga manya. A ci shi a abinci, amma kada a mayar da shi man shafawar jariri na kullum, balle mai kirci. Man gyaɗa ma kada a shafa shi a fatar jaririn da ta tsage, domin an danganta hakan da borin jini idan yaron ya zo cin gyaɗa daga baya. Jaririn da ya cika watanninsa kuma fatarsa lafiya lau, ba dole ba ne a yi ta lafta masa mai.

Ɓawon nan mai maiƙo da ke fitowa a kan jariri a watannin farko ɗan'uwan amosani ne. Wani ƙanƙanin naman gwari da ke zaune a fatar kowa ne ke cin maiƙon kai, ya bar ragowar kitse mai tsokanar fata. A jiƙa shi da ɗan basilin, a wanke a hankali, kada a ɓamɓare. Mayukan sitiroyid kuma kada su kusanci jariri sai da izinin likita, musamman a ƙarƙashin nafkin, inda fata ke shanye magani da yawa.

Ranar awo mai zuwa, ki haɗo duk kwalayen magani da robobin man da kike amfani da su a leda ɗaya, har da na bilicin da na gargajiya da wanda ya ƙare, ki nuna wa malamar awo ta karanta abin da ke jikinsu. Idan kin riga kin sha ɗaya daga cikin ƙwayoyin da muka ambata, ki daina, ki faɗa mata sunansa da kwana nawa kika yi kina sha. Shan sau ɗaya ko biyu ba kasafai yake yin illa ba, kuma idan ruwan mahaifa ya ragu yakan dawo bayan an daina maganin. Idan da buƙata za a tura ki hoton ciki a auna ruwan.